Wutar Ƙarƙashin Tukunya da Fitilar Saman Tanki

Hura wuta kowa ya iya. Yarinya 'yar shekara bakwai ma, in aka ba ta kara da ashana, za ta tayar da wutar da za a hango daga ƙofar gida. Inda ake gane macen da ta daɗe a gaban murhu shi ne wajen janye itace. Muddin ruwa bai tafasa ba tana izawa, amma da ta yi talge ta tuƙa tuwonta, sai ka ga ta zare itace biyu ta yayyafa musu ruwa, ta bar garwashi kaɗai, ta rufe tukunya ya sulala. Amaryar da ba ta koyi wannan ba ita ce ake jin ƙaurin girkinta tun daga zaure, uwar miji na cewa daga bakin ɗaki, "Ke 'yar nan, rage wutar nan mana." In an zo kwashewa a tarar sama bai nuna ba, ƙasa kuwa ƙanzo ya kama har muciya ba ta iya ɓamɓare shi.

Wannan amaryar nake tunawa duk lokacin da na ga saurayi ya kafa tankin kifi a gida ya rataya masa ƙwan lantarki mai kwana a kunne. Kiwon kifi a tsakar gida ya shigo ƙauyukan Kabi a hankali, har yankin Gwandu da Kalgo, wuraren su Wurogauri, inda a da in ana son kifi sai a jira ranar kasuwa a sayi banda. Wani ya ɗinka tamfol a kan katako, wani ya yanke kan tankin roba, wani ya yi na siminti a bayan ɗaki. Akwai kuma ɗalibai, irin waɗanda ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke wajen Kalgo, da suka ga akwatin gilashi mai kifayen ado a waya suka ce su ma sai sun yi a ɗakinsu. Dukkansu abu guda suke fara yi bayan zuba ruwa, wato neman haske. Kuma kusan dukkansu suna ɗaukar hasken a matsayin ado, ko abin da zai ba su damar kallon dukiyarsu da dare. Ba sa lura cewa wuta ce suka kunna wa tukunya, kuma akwai abin da ke dahuwa a ciki.

Mutumin Kabi bai buƙaci a koya masa kifi. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ake taruwa a gulbin Matan Fada da koma da gora ana fito da giwan ruwa, har hukumar UNESCO ta sa wannan bikin kamun kifi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Sarkawa da masuntan Yawuri kuwa sun san gulbi kamar tafin hannunsu. Sai dai duk wannan sani na kifin gulbi ne, kuma a gulbi babu wanda ya taɓa zama ya yanke wa kifi awa nawa zai ga haske. Rana ta fito ta faɗi, ruwa yana da laka da ke rage mata kaifi, akwai burugu da bado da inuwar gaɓa inda kifi zai laɓe, kuma a nan ƙasarmu dare da rana ba sa yin nisa da awa 12 kowanne, rani da damina. Ranar da ka ɗauko kifi ka sa shi a tanki, duk wannan tsari ya dawo hannunka. Kai ne mai fito masa da rana, kai ne mai kawo masa dare, kuma galibi daren ake mantawa.

Haɗa fitilar kanta ba abin wahala ba ne, domin mu mutanen Arewa mun daɗe da ƙwarewa a kai, dole ce ta sa. Wanda ya yi wayo a ƙarshen mulkin Obasanjo, wajen 2007, zai tuna fitilar nan da ake haɗawa da tsohon faifan CD da ƙananan ƙwayaye da akwatin katako mai cin batir uku, wadda 'yan kasuwar Kano suka sa wa suna "Obasanjo ya kasa". Faifan yana mayar da haske, ƙwayayen ba sa cin wuta, batir ya yi kwanaki. Waɗannan ƙwayaye, da ake kira LED, sun yi araha ne bayan masana uku 'yan Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, sun gano yadda za a samar da shuɗin haske mai ƙarfi a farkon shekarun 1990, abin da ya jawo musu kyautar Nobel a 2014. Farin hasken da muke gani shuɗin ne aka shafa wa wani sinadari ruwan ɗorawa a sama. Fitilar tankin kifi jikanyar waccan ta faifan CD ce, kuma dalilin da ya haifi kakar bai gushe ba: inda wayar kamfanin Kaduna Electric ta kai, wutar tana zuwa ne lokacin da ta ga dama, inda ba ta kai ba kuwa sai sola.

Abin da ake buƙata kaɗan ne, kuma kowane mai gyaran rediyo a kasuwar Birnin Kebbi ko Jega ya san su. Akwai zaren ƙwayaye mai bolt 12 da ake sayarwa a naɗe, mai gam a bayansa. Ana yanka shi ne kawai a wuraren da aka yi wa alama, bayan kowane ƙwai uku, in ka yanka a tsakiya ukun nan sun mutu. Sai gidan da za a manna shi. Da yawa suna tsaga fayif ɗin roba biyu su shafa wa cikinsa farin fenti, kuma yana aiki, amma guntun alminiyon irin na masu haɗa taga ya fi, saboda yana janye zafi daga ƙwayayen. Zafi ne ke kashe LED, a hankali, hasken ya riƙa dusashewa har ya koma kamar na aci-balbal, kuma wanda ya san watan Afrilu a Kabi, lokacin da ma'auni ke haura 40, ya san ba a buƙatar ƙara masa wani zafin. Bakin wayar da aka kama da dalma a lulluɓe shi da gam ɗin silikon, domin tururin ruwan kifi yana cin jan ƙarfe, cikin 'yan makonni za ka ga ya yi kore ya tsinke. A ɗaga fitilar kamar taƙi ɗaya ko biyu daga fuskar ruwa, tunda tarwaɗa tana tsalle tana fantsama. A sa fis ƙarami kusa da batir. A bar wayar ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta hau zuwa batir, don ɗigon ruwan da ya biyo ta ya zube a ƙasa.

Abu ɗaya ne ba na sassautawa a kansa: wutar gari mai bolt 220 da 'yan kai ba ta da hurumi a saman ruwan da yara ke sa hannu. Na sha ganin soket a rataye da igiyar leda a kan tankin tamfol, wayar an haɗa ta an naɗe da ledar burodi. Bolt 12 in ya taɓa ruwa, abin da za a yi asara waya ce da fis. Ɗayar kuwa rai take ɗauka.

Lissafin batir ma mai sauƙi ne. Mita ɗaya na zaren nan, irin mara ƙarfi da aka fi samu, yana cin kusan wat 5. In ya yi awa 8 ya ci 40 ke nan. Ƙaramin batir mai bolt 12 da amfiya 7 yana ɗauke da 84, amma irin wannan batir ba a son a sha fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, ka ga 42 ne naka. Wato awa 8 ɗin nan ita ce daidai ƙarfinsa. Faifan sola mai wat 20 ya ishe shi cika a yini guda, in dai ana share masa ƙurar hunturu. Wanda ya bar fitila ta kwana har asuba yana kashe batirinsa tun kafin a zo maganar kifi, kamar mai girkin da ta ƙone itacen mako a tuwon dare ɗaya.

To, me ke dahuwa a tukunyar? Ruwan tanki ba ruwan randa ba ne. Kullum ana zuba masa abincin kifi, wanda aka ci ya fita kashi, wanda ba a ci ba ya nutse ya ruɓe, duka biyun kuma taki ne. A cikin kowane ruwa akwai ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, suna jiran abu biyu, taki da haske. Takin ya riga ya samu. Hasken shi ne wutar da ke hannunka. In ka iza daidai, ruwan zai yi ɗan kore-kore mai kyau, gansakukar tana shanye dattin tana fitar da iskar oksijin da rana, kifi yana amfana. In ka cika wuta, ruwan ya koma kamar miyar kuka. A nan matsalar take, domin gansakukar da ke ba da oksijin cikin haske ita ce ke shan sa cikin duhu, ita da kifin da ƙwayoyin da ke ruɓar da datti. Iskar tana raguwa tun daga magariba, ta kai ƙarshen ƙarancinta dab da asuba. Shi ya sa mai tanki zai fito alwala ya tarar kifayensa sun taru a sama suna buɗe baki. Wani zai ce to a bar fitilar a kunne mana, kada duhun ya zo. Wannan ƙara itace ne ga tuwon da ya fara kamawa. Gansakukar za ta ci gaba da yawaita har ta fi ƙarfin ruwan, ta mutu gaba ɗaya rana guda, ta ruɓe, ta kwashe sauran iskar. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a tankin gida sau da yawa mai fitilar ne ya tsama shi.

Kuma kamar yadda wutar ganda daban take da ta dambu, kowane kifi da hasken da yake so. Tarwaɗa, wadda ita ce mafi yawan abin da ake kiwo a gidajenmu, 'yar duhu ce. Dubi idanunta ƙanana, dubi gashin bakinta dogaye, da su take laluben abinci a cikin laka da dare. Masu ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi sun san wannan, shi ya sa suke rufe tankunan ƙanana ko su ajiye su a ɗaki mai duhu-duhu. Cikin haske mai ƙarfi 'ya'yan tarwaɗa ba sa natsuwa, suna ta iyo suna ƙone abin da suka ci, suna cizon juna, manyan cikinsu suna haɗiye ƙanana. Mai tanki ya zuba ɗari biyar, ya zo kwasa ya ga ba su kai ba, ya fara zargin yaran maƙwabta. Ita tarwaɗa tana da wata yaudara kuma: akwai wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita kai tsaye, saboda haka ruwan da zai kashe wani kifi a dare ɗaya ita za ta yi makonni a cikinsa tana raye. Tana raye, amma ba ta girma, abincin da ake saye da tsada yana tafiya a banza, mai ita kuma yana ganin komai lafiya tunda babu gawa.

Karfasa ta fi son haske. Da ido take kiwo, kuma gansakukar nan abincinta ce, ɗan koren ruwa alheri ne a gare ta. Amma ba ta da dabarar tarwaɗa, in iska ta ƙare da asuba ita ce ke fara juya ciki sama. Kifayen ado na akwatin gilashi kuwa, tare da 'yan tsirran da ake dasa musu, awa 6 zuwa 8 sun ishe su, da farin haske irin wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa, mai kama da na hantsi. Fiye da haka gilashin zai yi kore, ka koma kankara kullum. A tuna kuma kifi ba shi da fatar ido. Ba ya iya runtsawa. In ka shigo ɗaki da tsakar dare ka danna masa fitila bagatatan, firgita yake yi ya bugi gilashi. A fara kunna ta ɗaki tukuna, a ɗan jima, sannan tasa.

Wanda tankinsa ke tsakar gida ma wata tambayar ce a gabansa kafin ta fitila. Ranar Kabi ta fi ƙarfin duk wani zaren LED da za ka iya saya, nesa ba kusa ba. Tankin tamfol da ke shan rana daga hantsi zuwa la'asar tukunya ce da aka ɗora a kan wutar gidan biki. Abin da yake buƙata rumfa ce, ta zana ko ta karan dawa, wadda za ta rufe kashi biyu cikin uku ta bar gefe guda rana ta ɗan leƙa da safe. Kuɗin da za a kashe a kan ƙwai da waya, in aka sayi zana da shi, ya fi amfani. Akwai kuma masu rikita haske da ɗumi. Da hunturu ruwa yana yin sanyi, tarwaɗa ta rage cin abinci, sai mutum ya ƙara mata fitila don ta ji ɗumi. Tsohon ƙwan nan mai zare a ciki yana ba da zafi, gaskiya ne, domin mafi yawan wutar da yake ci zafi take komawa. LED ba ta yin haka yadda zai taɓa ruwa mai yawa. Abin da ke riƙe ɗumi shi ne rufe tankin da dare da leda ko buhu, a bar 'yar kafa, a buɗe da rana ta ɗaga.

Akwai lokaci guda da ake iza wuta da gangan, kuma shi ne ya fi burge ni, don dabara ce ta talaka. Abinci shi ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwon tarwaɗa. Da ruwan farko ya sauka, daren da ya biyo baya gina da shinge suna tashi, su rufe duk wata fitila da ke gari, yara na bin su da kwano. In fitilarka tana rataye a tsakiyar tanki, ƙasa-ƙasa, ƙwarin nan za su yi ta zagaye har su faɗa ruwa, tarwaɗa tana cafkewa. Nama ne na kyauta, kuma duk damina ƙwari ba sa yankewa, musamman kusa da fadama. Ga wannan aikin farin haske mai ɗan shuɗi-shuɗi ya fi, domin shi ƙwari suka fi bi, mai jaja-jaja bai cika jan su ba. Amma ko wannan wuta ce ta tafasa ruwa, ba a barin ta. Ƙwari sun fi yawa daga magariba zuwa bayan isha, awa biyu ko uku, daga nan sai a kashe. In an bar ta, baƙin da ba a gayyata ba za su zo: kwaɗi su biyo ƙwari, maciji ya biyo kwaɗi. Kuma a makon da aka yi wa shinkafar fadama feshi, gara a haƙura da kyautar, tunda ba ka san daga wace gona ƙwaron ya taso ba.

Mai tsoron ɓarawo, shi ma yana da gaskiyarsa, kifin da ya kai kilo ba ya kuka in an ɗauke shi. Sai ya juya fitilar ta haska ƙofa da katanga, ya bar ruwan cikin duhunsa.

Inda mai girki ta fi mai tanki sa'a shi ne hanci. Tuwo na fara kamawa za ta ji, ta zare itace nan take. Ruwa ba ya sanar da kai da wuri, kuskuren yau sai bayan mako yake bayyana, lokacin ka manta abin da ka canza. Saboda haka dole ka ƙirƙiri naka ɗanɗanon. Masu kiwo suna tsoma hannu har gwiwar hannu su lanƙwasa tafi: in kana hango tafinka dishi-dishi, ruwan yana daidai, in ya ɓace tun bai kai nan ba, wuta ta yi yawa. Gyaran ba ya cin kuɗi. A rufe tankin kwana uku ba haske, a rage abinci, a zubar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan a sake sabo, kuma wanda aka zubar a kai shi gindin zogale ko fangalin albasa, taki ne sosai. Bayan nan a koma da rabin awannin da ake yi a da, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana duban launin ruwa.

Sauran aiki shi ne wa zai tuna ya kashe. In ka ce wa ƙaninka, "Auta, in an yi isha ka kashe fitilar kifi," zai yi kwana biyu, na uku ana ƙwallo a gidan kallo. Ɗaure abin da lokutan salla yana taimakawa ga akwatin ɗaki, a kunna da hantsi a kashe bayan la'asar. Ga fitilar ƙwari kuwa akwai hanya mafi sauƙi da mutane da yawa ba su lura da ita ba. 'Yar na'urar nan da ake sawa tsakanin faifan sola da batir, har mai araha, yawancinta tana da wurin saita awanni. Tana gane faɗuwar rana daga faifan da kansa, ta kunna, ta ƙirga awannin da ka ba ta, ta kashe. Ka haɗa fitilar a bakin da aka zana wa hoton ƙwai, ka danna maɓallin har lambar ta tsaya a kan 2, ko 3 in damina ta kankama.